DALIP SINGH SAUND: BAƘON DA YA ZAMA ƊAN GARI

Hausawa sukan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wato kome daɗewar baƙo a gari, ana sa rai wata rana zai naɗe tabarmarsa ya ƙara gaba, kamar yadda raɓa take bushewa in hantsi ya dubi ludayi. To, yau za mu kawo muku tarihin wani baƙo wanda ya bar ƙasarsa ta Indiya ya tafi Amurka da niyyar yin shekara biyu ko uku, amma ya ƙare da zama a can har ƙarshen ransa. Sai da ya shekara 29 a ƙasar kafin ya sami takardar zama ɗan ƙasa. Bayan ya same ta da shekara bakwai kacal, maƙwabtansa suka zaɓe shi ya wakilce su a Majalisar Wakilai ta Amurka. Shi ne mutum na farko daga nahiyar Asiya da ya zauna a wannan majalisa a matsayin cikakken wakili mai ƙuri'a. Sunansa Dalip Singh Saund.

ASALINSA

An haifi Saund ran 20 ga Satumba, 1899, a wani ƙauye mai suna Chhajjalwaddi, kusa da birnin Amritsar, a lardin Panjab da ke arewa maso yammacin Indiya. A lokacin nan Indiya tana hannun Turawan Ingila, su ɗin nan da suka mallaki ƙasarmu. Iyayensa mabiya addinin Sikh ne, wato addinin da Guru Nanak ya kafa a Panjab fiye da shekara 500 da suka wuce. Mabiya wannan addini sun gaskata da Allah ɗaya, mazansu kuma an san su da barin gashi da naɗa rawani. Amritsar shi ne babban birninsu na ibada.

Mahaifinsa ɗan kwangila ne, yana yi wa gwamnati ayyukan gini. Shi kansa bai yi makaranta ba, amma ya san darajarta. Da yake babu makarantar gwamnati a ƙauyen, sai shi da 'yan'uwansa suka haɗa kuɗi suka buɗe 'yar makaranta mai ɗaki ɗaya. Nan yaron ya fara karatu. Da ya kai shekara takwas aka kai shi makarantar kwana a Amritsar. Bai daɗe ba mahaifinsa ya rasu, ya bar shi yana ƙaramin yaro. Duk da haka dangi ba su bari karatunsa ya tsaya ba, har ya kai ga samun digiri a fannin lissafi daga Jami'ar Panjab a 1919.

Wannan shekara ta 1919 kuwa ba ta yi wa mutanen Panjab daɗi ba. Ran 13 ga Afrilu sojojin da ke ƙarƙashin wani hafsan Ingila mai suna Dyer suka buɗe wuta a kan taron jama'a a wani fili da ake kira Jallianwala Bagh, a cikin Amritsar. Gwamnatin mulkin mallaka da kanta ta yarda an kashe mutum 379, mutanen ƙasar kuwa suka ce adadin ya fi haka nesa. Samari masu ilimi irin su Saund suka ƙara ƙin mulkin Turawa, suka bi bayan Mahatma Gandhi wajen neman 'yanci. Tun kafin wannan ma, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Saund ya riƙa karanta jawaban shugaban Amurka Woodrow Wilson game da 'yancin kowace al'umma ta mulki kanta. Daga nan ya shiga karanta tarihin Abraham Lincoln, shugaban da ya 'yanta bayi. Ta haka son ganin Amurka ya shiga zuciyarsa. Ya gaya wa danginsa zai je ya koyo sana'ar adana abinci a gwangwani, ya dawo ya kafa masana'anta a gida.

ISARSA AMURKA

A watan Satumba na 1920 jirgin ruwan da ya ɗauko shi ya isa New York, aka tantance shi a tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi a wancan zamani. Ya kamata mai karatu ya san cewa tun 1917 majalisar Amurka ta yi doka ta rufe ƙofa ga mutanen wani babban yanki na Asiya, har da Indiya. Ɗalibai da wasu 'yan kaɗan ne kawai aka bari su shiga. Saboda haka a matsayin ɗalibi Saund ya shiga, ba a matsayin mai zuwa zama ba.

Daga New York ya ratsa ƙasar gaba ɗaya zuwa jihar Kalifoniya a can yamma, ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A nan ya ga amfanin waɗanda suka riga shi zuwa. Tun farkon ƙarnin akwai 'yan Panjab da suka zo Kalifoniya aikin gona da na katako da na hanyar jirgin ƙasa. Yawancinsu ba su yi karatu ba, amma a 1912 suka haɗa kuɗin guminsu suka kafa ɗakin ibadarsu a garin Stockton, wanda shi ne na farko irinsa a Amurka. Wannan ɗakin ibada ne ya tanadi gida a Berkeley domin ɗalibai 'yan Indiya, kuma a nan Saund ya sauka. Lokacin hutu yakan tafi aiki a kamfanonin zuba 'ya'yan itace a gwangwani don ya sami abin biyan bukata.

Ya fara da karatun aikin gona kamar yadda ya yi alkawari, amma daga baya ya koma fannin da ya fi ƙwarewa, wato lissafi. Ya sami digiri na biyu a 1922, ya kuma sami digirin dakta a 1924. A jami'ar ya zama shugaban ƙungiyar ɗalibai 'yan Indiya, yana yawan yin jawabi a kan neman 'yancin ƙasarsa.

DOKA TA RUFE ƘOFA

Yana cikin karatun nan aka yanke wata shari'a wadda ta shafi rayuwarsa gaba ɗaya. Tun 1790 dokar Amurka ta ce farar fata ne kaɗai baƙon da zai iya neman zama ɗan ƙasa. A 1870 aka ƙara da mutanen da ke da asalin Afirka. To, ina matsayin Ba'indiye? Wani Basikhe mai suna Bhagat Singh Thind, wanda shi ma daga yankin Amritsar ya fito, ya kuma yi aikin soja a rundunar Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya nemi takardar. Magana ta kai har Kotun Ƙoli. Ran 19 ga Fabrairu, 1923, alƙalan kotun baki ɗaya suka yanke cewa Ba'indiye ba farar fata ba ne bisa yadda talakan Amurka ya fahimci kalmar, saboda haka ba shi da ikon zama ɗan ƙasa. Har waɗansu da suka riga suka sami takardar aka bi su aka ƙwace.

Wannan hukunci ya jawo wata wahalar kuma. A lokacin jihar Kalifoniya tana da doka tun 1913, wadda aka ƙara tsananta ta a 1920, mai hana duk baƙon da ba shi da ikon zama ɗan ƙasa mallakar gona ko ɗaukar hayarta da sunansa. An yi dokar ne domin Japanawa, amma daga 1923 sai ta hau kan Indiyawa ma. Mutumin da ya share daji ya mai da shi gona, ya wayi gari sai ya nemi wani ya sa sunansa a takarda a madadinsa.

Ga Saund riƙe da digirin dakta a lissafi, yana ɗan shekara 24 ko 25, amma bai sami aikin koyarwa a Amurka ba. A nan ne ya tsaya a mararraba. Zai iya komawa Indiya, inda Turawa ba za su ji daɗin jawaban da ya riƙa yi a kansu ba. Zai kuma iya zama a ƙasar da ta gaya masa a fili ba za ta taɓa karɓarsa ba. Ya zaɓi zama.

DAKTA A GONAR AUDUGA

A 1925 ya tafi wani yanki da ake kira Kwarin Imperial, a ƙarshen kudancin Kalifoniya, a kan iyaka da ƙasar Meziko. Wurin hamada ne, wani sashensa ma ya fi teku zurfi, kuma da bazara zafi yakan wuce awo 45. Amma tun 1901 aka jawo ruwan kogin Kolorado ta magudanai, hamadar ta zama wurin noman rani mai albarka. 'Yan Panjab sun san noman ban ruwa tun daga gida, saboda haka da yawansu suka taru a can.

Aikin farko da Saund ya samu shi ne shugaban lebura masu tsinkar auduga a gonar waɗansu 'yan ƙasarsu. Bai ce shi mai digiri uku ne, aikin ya yi masa ƙanƙanta ba. Ya yi, ya tara ɗan jari, ya shiga noman latas, wanda ake aikawa manyan biranen gabas da hunturu. Daga baya ya zauna a wani ƙaramin gari mai suna Westmorland, inda ya yi shekaru yana noma iri iri a gonakin da doka ta hana a rubuta da sunansa.

A 1928 ya auri wata budurwa haifaffiyar Amurka mai suna Marian Kosa, 'yar wani mai zane wanda asalinsa daga ƙasar Cek yake. Auren nan ya ci mata tsada. Bisa dokar wancan lokaci, duk macen Amurka da ta auri baƙon da ba shi da ikon zama ɗan ƙasa, ita ma ta rasa nata 'yancin. Wato ranar da aka ɗaura aure, Marian ta zama baƙuwa a ƙasar da aka haife ta. Ta san haka kafin ta yarda. Sai a 1931 aka gyara dokar, mata irinta suka sami hanyar maido da 'yancinsu. Allah ya ba su 'ya'ya uku, namiji ɗaya da mata biyu. Marian kuma ta zama malamar makaranta.

Duk da aikin gona, Saund bai ajiye alƙalami ba. A 1927 wata marubuciya Ba'amurkiya mai suna Katherine Mayo ta fitar da littafi mai suna Mother India, wanda ya nuna Indiyawa a matsayin mutanen da ba su isa su mulki kansu ba. Littafin ya sami kasuwa ƙwarai. Saund ya rubuta amsa, mai suna My Mother India, wadda ƙungiyar ɗakin ibadar Stockton ta buga a 1930.

MAGANAR BASHI

Shekarun da suka biyo bayan 1929 shekaru ne na karyewar tattalin arziki a Amurka da duniya baki ɗaya. Bankuna suka rufe, miliyoyin mutane suka rasa aiki, farashin amfanin gona ya faɗi ƙasa warwas. Manomin latas yakan ci bashin iri da taki da ruwa da kuɗin lebura tun kafin ya ga ganye ɗaya, in kasuwa ta faɗi kuwa ba ya iya ajiye latas a rumbu ya jira. Haka ta faru da Saund. Ya wayi gari bashi ya yi masa katutu.

A dokar Amurka akwai mafita ga wanda ya shiga irin wannan hali. Yana iya zuwa kotu a bayyana cewa ya karye, a raba ɗan abin da ya rage masa ga masu binsa, sauran bashin kuma a share. Manoma da 'yan kasuwa da yawa sun bi wannan hanya a lokacin, ba wanda ya ga laifinsu. An ba Saund wannan shawara, ya ƙi. A tarbiyyar da ya taso da ita a Panjab, mutum ya ci dukiyar wani ya ce doka ta yafe masa abin kunya ne ga gidansu. Ya ci gaba da aiki yana biya kaɗan kaɗan, shekara da shekaru, har ya sauke nauyin.

Bashi hanji ne, in ji masu iya magana, yana cikin kowa. Abin da ya bambanta mutane shi ne yadda suke yi da shi. A ƙaramin gari irin Westmorland kowa ya san wanda ake bi da wanda ya biya. Mai sayar da iri da mai kanti da ma'aikacin banki duk sun ga abin da baƙon nan ya yi, kuma ba su manta ba.

Wani abu kuma da ya yi shi ne bai keɓe kansa cikin 'yan ƙasarsu kaɗai ba. Ya shiga wata ƙungiya mai suna Toastmasters a garin Brawley da ke kusa, inda mutane suke taruwa suna koyon magana a gaban jama'a. Duk inda aka gayyace shi ya yi bayani a kan Indiya ko Gandhi, yakan je. Ya goyi bayan shugaba Franklin Roosevelt da shirye-shiryensa na taimakon manoma, ya riƙa halartar tarurrukan jam'iyyar Dimokurat yana yi mata aiki, alhali shi kansa ba shi da ikon jefa ƙuri'a ko ɗaya.

AN BUƊE ƘOFA

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, al'amura suka fara sakewa. Sojojin Indiya fiye da miliyan biyu suna yaƙi a ɓangare ɗaya da Amurka, ga shi kuma dokar Amurka tana cewa Ba'indiye bai isa zama ɗan ƙasa ba. A 1943 aka soke dokar da ta hana mutanen Sin. Indiyawan Amurka, waɗanda a lokacin ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba, suka ga lokaci ya yi. Saund yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar Indiyawa a Kalifoniya, aka zaɓe shi shugabanta. Suka riƙa bin manoma gona gona suna tara kuɗi, suna rubuta wasiƙu, suna haɗa kai da waɗansu ƙungiyoyin irin ta J. J. Singh a New York.

Wakilai biyu suka ɗauki maganar a majalisa, Clare Boothe Luce ta jam'iyyar Rifablikan da Emanuel Celler na Dimokurat. An sha jan ƙafa, amma ran 2 ga Yuli, 1946, shugaba Harry Truman ya sa hannu a dokar. Ta ba Indiyawa da mutanen Filifin ikon zama 'yan ƙasa, ta kuma yarda Indiyawa 100 su shigo kowace shekara. Adadin kaɗan ne, amma ƙofar da aka rufe shekara 23 ta buɗe. Shekara guda bayan haka, a watan Agusta na 1947, Indiya ta sami mulkin kai. Saund kuwa ya riga ya yi saiwa a inda yake. Ran 16 ga Disamba, 1949, ya yi rantsuwar zama ɗan Amurka, yana da shekara 50.

ALƘALIN WESTMORLAND

A wancan lokaci a Kalifoniya alƙalan ƙananan kotuna zaɓensu ake yi. A 1950 abokansa suka ƙarfafa shi ya tsaya takarar alƙalin Westmorland. Ya tsaya, ya kuma ci. Sai aka kai ƙara cewa a ranar zaɓen bai cika shekara guda da zama ɗan ƙasa ba, kamar yadda doka ta bukata. Kotu ta soke zaɓen, aka ba wani kujerar. Saund bai ta da rigima ba. Ya jira har 1952, ya sake tsayawa, ya sake ci da 'yar tazara ƙanƙanuwa.

A yaƙin neman zaɓen nan an yi ta jifarsa da maganar asali da addini. Shi kansa ya ba da labarin wani mutum da ya tare shi a gidan abinci a gaban jama'a, ya tambaye shi cikin ba'a ko in ya zama alƙali shi zai riƙa raba wa mutane rawani, ko kuwa kowa zai sayo nasa kafin ya shiga kotu. Saund bai yi fushi ba. Ya amsa masa cewa shi bai damu da abin da ke bisa kan mutum ba, abin da ke cikin kan shi ne damuwarsa.

A lokacin Westmorland ta yi ƙaurin suna wajen gidajen karuwai da caca da ƙwaya. Al'adar da aka saba ita ce a kamo masu gidajen, a ci su 'yar tara, su biya su koma bakin aikinsu, tarar ta zama kamar haraji. Sabon alƙali ya daina wannan, ya riƙa yanke hukuncin ɗauri. Ba a daɗe ba harkar ta watse. A shekarun nan ne kuma ya kafa kasuwancin takin zamani, ya zama shugaban kwamitin jam'iyyarsa a gundumar Imperial.

ZAƁEN 1956

A 1956 wakilin mazaɓa ta 29 ta Kalifoniya, wadda ta haɗa gundumomin Imperial da Riverside, ya ce ba zai sake tsayawa ba. Mazaɓar ta 'yan Rifablikan ce tun asali, Indiyawan da ke cikinta kuwa ba su taka kara sun karya ba wajen yawan ƙuri'a. Saund ya ce zai nema. A zaɓen fid da gwani abokin takararsa, wani lauya mai suna Carl Kegley, ya kai shi kotu. Tsarin mulkin Amurka ya ce sai wanda ya shekara bakwai da zama ɗan ƙasa zai zama wakili, Saund kuwa bai cika ba. Kotu ta kori ƙarar. Shekara bakwai ɗin za su cika ran 16 ga Disamba, 1956, sabuwar majalisa kuwa sai 3 ga Janairu, 1957, za ta zauna. Kwana 18 ne suka cece shi.

A babban zaɓe ya kara da mace wadda duk Amurka ta san ta, Jacqueline Cochran. Matuƙiyar jirgin sama ce, ita ta shugabanci mata matuƙa jiragen soja a lokacin yaƙi, kuma a 1953 ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgi da gudun da ya wuce saurin sauti. Mijinta, Floyd Odlum, yana cikin manyan attajiran ƙasar, shugaba Eisenhower kuma abokinsu ne. Tana yawon neman ƙuri'a a jirgin da take tuƙawa da kanta. Saund kuwa shi da matarsa da 'ya'yansa da surukansa suka riƙa bin gida gida suna buga ƙofa, suna taimakon mutane su yi rajista. Ya riƙa yi wa manoma maganar ruwa da farashin amfanin gona, abubuwan da ya sani da hannunsa. An yi ƙoƙari a mai da zaɓen ya zama tsakanin 'yar ƙasa da baƙo, amma mutanen kwarin sun shekara 30 suna ganinsa. Ran 6 ga Nuwamba, ranar da Eisenhower ya lashe zaɓen shugaban ƙasa da babban rinjaye, Saund ya ci mazaɓar da tazarar ƙuri'a wajen 3,300.

A MAJALISA

Da ya isa Washinton aka sa shi a kwamitin harkokin waje, abin da ba kasafai ake ba sabon wakili ba. Ya jefa ƙuri'ar goyon bayan dokar kare 'yancin baƙar fata ta 1957 da ta 1960. Ya kuma bi bukatun mazaɓarsa, musamman maganar ruwan noma da kare garuruwa daga ambaliya.

A ƙarshen 1957 ya yi rangadin ƙasashen Asiya, har ya isa Indiya, shekara 37 bayan ya bar ta da alkawarin dawowa cikin shekara uku. Dubban mutane suka fito tarbarsa, musamman a Panjab. A shekarar nan ce aka yi rikicin garin Little Rock, inda sai da shugaban ƙasa ya aika sojoji kafin yara baƙar fata tara su shiga makarantar fararen fata. Duk inda ya je ana tambayarsa wannan. Bai musa cewa akwai wariya a Amurka ba, domin shi ma ya ɗanɗana. Amma yakan nuna musu cewa mutanen ƙasar suna iya gyara dokarsu, kuma zaɓensa shaida ne. An sake zaɓensa a 1958 da 1960. A 1960 ya fitar da tarihin rayuwarsa mai suna Congressman from India.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A watan Mayu na 1962, yana cikin jirgin sama daga Los Angeles zuwa Washinton, ciwon shanyewar jiki ya buge shi. Ya rasa magana, ya kasa tafiya. A nan na kusa da shi suka yi abin da bai dace da sunan da ya gina ba. Suka ɓoye wa jama'a tsananin ciwon, suka bar sunansa a takara, suna sa rai zai warke. Ya ci zaɓen fid da gwani yana kwance a asibiti, amma da watanni suka wuce ba a gan shi ba, gaskiya ta fito. A watan Nuwamba ya sha kaye a hannun Patrick Martin na Rifablikan.

Ya yi kusan shekara 11 a wannan hali. Mutumin da magana ce ta kai shi inda ya kai, bai sake yin jawabi ba. Marian, wadda ta taɓa rasa ƙasarta dominsa, ita ta yi jinyarsa har ƙarshe. Ya rasu ran 22 ga Afrilu, 1973, a Hollywood, yana da shekara 73.

Yana kwance aka yi dokar 1965 wadda ta soke rabon baƙi bisa asalin ƙasa, ta buɗe wa Indiyawa hanya sosai. A ƙidayar 2020 masu asalin Indiya a Amurka sun haura miliyan 4. Duk da haka, bayan Saund sai a 2004 aka sake zaɓen mai asalin Indiya zuwa majalisar, wato Bobby Jindal. A 2007 aka rataye hoton Saund a ginin majalisa. Kamala Harris, wadda ta yi mataimakiyar shugaban ƙasa daga 2021 zuwa 2025, mahaifiyarta daga Indiya ta zo karatu a 1958, a jami'ar nan ta Berkeley inda Saund ya yi nasa.

'Yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda aiki ko karatu ko neman abinci ya kai su garin da ba nasu ba, akwai kuma waɗanda baƙo ya sauka a unguwarsu. Tarihin nan yana da abin da zai gaya wa kowane ɓangare. Saund bai jira an ba shi takarda kafin ya fara zama maƙwabci na gari ba. Ya yi aikin da ya samu, ya biya bashinsa, ya shiga taron gari, ya kuma haɗa kai da 'yan'uwansa suka bi hanyar doka har aka gyara dokar da ta zalunce su. Mutanen Kwarin Imperial kuma, da aka ce musu su dubi fatarsa da addininsa, sai mafi yawansu suka dubi abin da suka sani game da shi cikin shekara 30. Da ɗayan biyun nan ya ɓace, da ba mu ji sunansa ba.

Allah ya ba baƙinmu haƙuri da riƙon amana, ya ba masu masauki zuciyar adalci. Sai mun sake saduwa.